Ɗan maƙwabciyata ya san abin da ke faruwa a falona

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 12 a Jidda, 'ya'yana uku, babbar mace ce mai shekara 14. Maigidana direba ne. Bara ya sa mana waifai a gida da sunansa da lambar igamarsa, wato katin izinin zamansa a Saudiyya, shi ke biyan fatura, wato kuɗin layin, duk wata. A benen da muke haya akwai wata Hajiya 'yar garinmu, mijinta ya rasu. Ita ta sauke mu a ɗakinta wata huɗu lokacin da muka zo ba mu san kowa ba, ita ta zauna min jegon yara biyu. Da ta ce in ba ta kalmar sirri don ta riƙa ganin jikokinta na Katsina, ko tunani ban yi ba. Autanta, mai shekara 19, shi ne gwanin waya a gidan. Shi ya haɗa mana rauta, wato na'urar da ke raba waifai, shi ya saita kyamarar da muka sa a falo saboda ina fita yi wa amare ƙunshi in bar yara.

Sai intanet ya fara tafiyar hawainiya. Daga baya haris, wato mai gadin benen, ya tsegunta wa maigida cewa yaron yana karɓar riyal 20 a wata a hannun samarin hawa na sama da masu bagala, wato kantin da ke ƙasan benen, yana ba su layinmu. Wannan na haɗiye. Abin da ya hana ni barci shi ne, satin da ya wuce 'yata ta ce sun haɗu a matakala ya ce mata, "Rawar jiya ta yi kyau." Anti, a falo ta yi rawar nan da ƙannenta, ƙofa a rufe, ko ɗankwali babu a kanta.

Maigida ya ce zato zunubi ne, wataƙila kiɗa ya jiyo. Ya ce shi ba zai iya haɗa ido da Hajiya da wannan magana ba, kuma takardun yaron ba su cika ba, in abu ya fito mu za a ce mun tona masa asiri. Yayana ya ce in kai ƙara. Wata ƙawata ta ce in ari wayar yaron da dabara in bincika. Shin WhatsApp ɗina ma yana karantawa? Yaya zan yi in kare 'yata ban zama butulu ba?

Ƙanwarki a Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin ki ci gaba da karatu, tashi ki zare kyamarar nan daga wuta. In akwai ɗan katin ajiya a jikinta ki cire shi ki adana, ita kuma ki kife ta a durowa. Wannan ba ya jiran hujja, ba kuma zargin kowa ba ne. Falonki ne. Kada dai ki goge komai a manhajarta tukuna, zan faɗa miki dalili. To, dawo ki zauna mu yi magana.

Da 'yarki zan fara, don a cikinku duka ita ce aka taɓa. Yarinya 'yar shekara 14 da namiji ya yada mata magana irin wannan a matakala, ta iso gida ta faɗa wa uwarta, ta yi abin da manya da yawa ba sa iyawa. Ki kira ta ku biyu ki ce mata ta kyauta. Kada ko da wasa ta ji an ce "ke ma me ya kai ki rawa ba ɗankwali", don ranar da ta ji haka ta rufe miki baki ke nan, gobe abin da ya fi wannan zai faru ba ki ji ba. Ki tambaye ta a hankali ko ya taɓa turo mata saƙo, ko ya taɓa ambaton wani abu na cikin gida kafin wannan. Duk abin da ta ce ki rubuta da ranarsa.

Maigidanki bai yi ƙarya ba da ya ce magana ɗaya ba hujja ba ce. Na san irin benayen nan na kudancin Jidda, in maƙwabci ya yi atishawa sai ki ce masa yarhamukallah daga ɗakinki. Zai yiwu kiɗa ya jiyo, zai yiwu ƙannenta ne suka kai labari. Inda na rabu da shi shi ne, ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Tuhumar mutum tana buƙatar hujja. Rufe ƙofar gidanka ba ta buƙatar komai. Ayar Suratul Hujurat da ta ce a nisanci yawan zato, ita ce kuma ta ce kada a yi leƙen asirin juna. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. A Bukhari da Muslim kuwa akwai labarin mutumin da ya leƙa ɗakin Manzon Allah (SAW) ta wata kafa, aka shaida masa cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. Ko kafar a jikin ƙofa take ko a fuskar waya, ido dai ɗaya ne.

Kuma ba zan ɓoye miki ba, damuwarki tana da tushe. Yadda ƙananan kyamarorin gida suke aiki, wanda ya fara haɗa kyamara da manhaja a wayarsa, da lambarsa ko imel ɗinsa, shi ne mai ita a wurin kamfanin da ya ƙera ta. Sauran mutane shi yake buɗe musu. In yaron da asusunsa ya yi rajistar, to ke baƙuwa ce a kyamararki, shi ne maigida, kuma ba sai yana kan waifai ɗinku zai gani ba. Ko yana Makka zai buɗe wayarsa ya ga falonki. Wannan ba ƙwarewar kutse ba ce, saitin da ya yi muku ne kawai bai fita daga ciki ba. Shi ya sa na ce kada ki goge komai. Buɗe manhajar a wayarki, shiga wurin bayanan kyamarar, ki duba sunan wa ko lambar wa ke matsayin mai ita, da waɗanda aka raba wa. Ki ɗauki hoton allon. In kin ga lambarki ce kaɗai, ki yi hamdala, rabin nauyin ya sauka. In kin ga tasa, kin san yana da hanyar gani, ko da ba ki san sau nawa ya duba ba. Wannan hoton za ki nuna wa maigida, ba hawaye ba.

Game da WhatsApp, kwantar da hankalinki. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke fita daga wayar mai aikawa, sai a wayar mai karɓa suke buɗewa, don haka zama kan waifai ɗaya da ke ba ya ba mutum damar karanta hirarki. Hanyar da aka fi bi ta fi wannan sauƙi: a ari wayarki minti biyu a haɗa WhatsApp ɗinki da wata na'ura. Ki shiga saiti, wurin na'urorin da aka haɗa, a wayarki da ta 'yarki da ta maigida. Duk wadda ba ku sani ba ku fitar da ita, sannan ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu. In yaron ne ya buɗe wa wani a cikinku imel ko ya san lambar buɗe waya, a canza su yau.

Yanzu maganar waifai ɗin kanta. A gida Najeriya ko Nijar, maƙwabci yana da haƙƙin zaure. Zai zo ya zauna, a kawo masa ruwa, a miƙo masa tuwo, wani ma ya kwana a nan. Amma ba wanda ya taɓa cewa don ana zaman mutunci a ba shi mabuɗin ɗakin uwargida. Kalmar sirrin da kika bayar ba zaure kika buɗe ba, cikin gida kika buɗe, domin duk wanda ya hau layin yana tsakar gida ɗaya da wayoyinku da talabijin da kyamara. Wanda kuma ya san kalmar shiga saitin rauta, ya fi kowa iko a gidan. Ba laifinki ba ne, ba wanda ya taɓa yi miki bayani. Ni ma sai da na zauna da wata ƙawata a Hindawiyya a Makka, tana kukan kamfani yana cutarta, muka buɗe shafin rautarta muka ƙirga na'ura 19 a gidan mutum biyar, har da talabijin ɗin wani, alhali ita ko talabijin ba ta da shi. Mutum ɗaya ta ba kalmar. Tun 2019 wayoyin Android suke iya nuna kalmar waifai a ɗan hoton nan mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR, wani ya haska da wayarsa ya shige. Abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga unguwa.

Ga abin da nake so ki zaunar da maigida a kai, kuma da wannan za ki fara masa, ba da rawa ba. Duk abin da aka yi a layin nan, a waje sunan mai layin ake gani. Wayoyi ashirin na iya hawa, amma da adireshin intanet ɗaya suke fita, adireshin kuwa a kundin kamfani yana ɗaure da igamar mijinki. Saudiyya tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2007. Sashe na 6 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga wanda ya shirya ko ya yaɗa abin da ya taɓa tsarin jama'a ko addini ko tarbiyya. Sashe na 4, mai magana kan damfara da kutsen bayanan banki, ya kai shekara 3 da riyal miliyan 2. In wani saurayi a hawa na huɗu, wanda ko sunansa ba ku sani ba, ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, ƙofar da askarawa za su fara ƙwanƙwasawa taku ce. Zai yiwu daga baya gaskiya ta fito, amma direba mai kafili, wato ubangidan da igamarsa ke ƙarƙashinsa, kwana nawa zai yi yana zaryar bayani kafin aikin ya suɓuce? Baƙo kuma ya san inda irin wannan shari'a kan ƙare. Bayan haka, sayar wa jama'a intanet ba tare da lasisi ba saɓa dokar sadarwa ne, kuma layin da ake sayarwa nasa ne, ko da riyal ɗaya bai shiga aljihunsa ba. Kunyarsa ga Hajiya halin kirki ce, kada ki kushe masa ita. Ki dai nuna masa cewa da igamarsa ake yin wannan kara.

Hajiya kuwa, a wasiƙarki ban ga laifinta ba. Tsohuwa ce mai son ganin jikoki, kuma na fi kyautata zaton ba ta san komai game da riyal 20 ba, balle kyamara. Wata huɗu a ɗakinta da jego biyu ba abin da waifai zai biya ba ne, ko shekara goma ta yi tana amfani da shi. Saboda haka ba yanke ta za ku yi ba, zaure za ku gina mata. Yawancin rautoci suna da layi na biyu na baƙi, a saitin Larabci za ki ga shabakatud duyuf, a na Turanci an rubuta Guest. Wanda ya hau shi yana samun intanet amma ba ya ganin na'urorin cikin gida, kuma rautoci da yawa suna bari a ƙayyade yawan wayoyin da za su hau. Ki sa ɗaya, ke da kanki ki shigar mata a wayarta. In taku ba ta da wannan, ko kin ga yaron zai ci gaba da kwafe kalmar daga wayar uwarsa yana ture Hajiya daga layin, akwai hanyar da ni na fi so: ku riƙa sa mata data a layinta duk wata. Kuɗi ne kaɗan, alheri ne da take gani da idonta, sunan mijinki kuma ya fita daga ciki gaba ɗaya.

Ki je mata da yamma da ɗan abin taɓawa, ki ce, "Hajiya, an ja kunnen Baban yara kan layin nan, ashe duk abin da aka yi a kai shi za a kama, kuma mun tarar mutane sun cika shi. Za mu rufe mu sake sabo. Amma ke naki daban, kawo wayarki." Ba ƙarya a ciki, ba sunan ɗanta a ciki. In ta tambaya yaya aka yi mutane suka cika shi, ki ce haris ya fi ki sani. Tsofaffi ba sa buƙatar a ƙarasa musu magana.

Yaron aikin maigida ne, ba naki ba, ba kuma a gaban uwarsa ba a karon farko. Ya kira shi su biyu, a mota ko bayan sallar isha'i. In hoton allon ya nuna lambarsa, ya nuna masa, ya ce ya buɗe manhajar a gabansa ya cire kyamarar daga asusunsa. Wannan matakin yana da muhimmanci, domin wasu kyamarorin ko an mayar da su yadda suka fito daga kamfani ba sa karɓar sabon mai su sai tsohon ya sake su. Ya tambaye shi kai tsaye ko ya ajiye hoto ko bidiyo, in akwai ya goge a gabansa, har da kwandon shara na waya. Sannan ya faɗa masa magana ɗaya: tsakaninsa da yarinyar nan sallama ce kawai. Kuɗin da ya karɓa, ni dai da zan ba da shawara a yafe, amma shi zai je ya gaya wa masu biyansa cewa kasuwa ta tashi. Ɗan shekara 19 da aka haifa a ƙasar da ba ya iya neman aiki a fili, na gane abin da ya kai shi ga riyal 20. Wannan ya bayyana cinikin, bai wanke leƙen ba. Kada kuma a yi masa barazana da takardunsa. Wanda aka tsorata da tarhil, wato kora daga ƙasar, ba shiryuwa yake yi ba, ɓoye abin da ke hannunsa yake yi, ku kuma abin da ke hannunsa kuke so ya fito.

Shawarar ƙawarki ki ajiye ta inda kika same ta. Sashe na 3 na dokar nan ta 2007 ya sa ɗaurin da zai iya kai shekara 1 da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 kan leƙen bayanan wani da keta sirrinsa ta waya, kuma a 2018 hukumomi sun fito sun tunatar cewa ko tsakanin miji da mata dokar tana aiki. Sashen da ke kare 'yarki shi ne zai kama ki in kika shiga wayar ɗan mutane a ɓoye. Ga shi kuma abin da kike ƙi a yi miki ne.

Yayanki kuma ya yi gaggawa, amma kada ki jefar da maganarsa. Akwai inda kara take ƙarewa. In ya tabbata yaron ya ajiye hotunan yarinyar ya ƙi gogewa, ko ya tura wa wani, ko ya fara yi mata barazana da su, ko ya ci gaba da tare ta bayan an ja masa kunne, to magana ta wuce zaure. A nan za a sanar da Hajiya komai, a sa dattijo ɗaya cikin 'yan garinku wanda bakinsa ke da nauyi, in hakan bai tsayar ba ga manhajar Kulluna Amn da ake kai rahoton irin wannan, ga ofishin 'yan sanda. A ranar, katin da kika adana da hoton allon da ranakun da kika rubuta su ne za su yi miki magana. Ina roƙon Allah kada a kai nan. In an kai, ba ke kika tona masa asiri ba.

Saura gyaran rauta, kuma wannan karon kada ku kira gwanin unguwa. Juya ta, a ƙasanta akwai takarda mai adireshin shiga, irin su 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, da suna da kalmar kamfani. In ta layin waya ce mai 4G ko 5G, akwai ɗan rami da aka rubuta Reset, ki sa tsinken sakace ki danna kamar daƙiƙa goma, duk abin da yaron ya saita zai goge. In ta faiba ce, wato mai igiyar intanet da aka jawo cikin gida, ku kira kamfaninku tukuna, don gogewar kan iya tafiya da saitin layin. Kalmomi biyu za ki canza, mutane sukan manta ta biyun: ta hawa waifai, da ta shiga saitin rautar kanta. Kada ki sa lambar wayar maigida ko sunan auta da shekarar haihuwarsa, su ake fara gwadawa. Haɗa kalmomin Hausa uku ko huɗu da ba su da dangantaka, kamar tukunya da raƙumi da Laraba, ki cusa lambobi a tsakani, ki rubuta a takarda ki sa a akwatinki. A wurin tsaro zaɓi WPA2 ko WPA3, ki kashe WPS, wato hanyar hawa waifai ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Yaranki ma ki gaya musu kalmar gida kamar mabuɗin gida take, ba a ara wa aboki. Duk farkon wata, ranar biyan fatura, ki leƙa jerin na'urorin da ke kai ki ƙirga.

Samarin sama za su yi kwana biyu suna gaishe ku ciki-ciki. Yawancinsu 'yan ci-rani ne masu neman hanya mai araha su ji muryar iyayensu, ban ga mugunta a nan ba, amma ba a wuyan mijinki za su rataya ba. In suna so, su haɗa kuɗi ɗayansu mai igama ya yanki nasu.

Kyamarar kuma, ki tambayi kanki ko har yanzu kina buƙatarta. A 2014 an gano wani shafi da ke nuna kyamarori sama da 73,000 kai tsaye daga gidaje da shaguna a ƙasashe daban-daban, ba don an fasa komai ba, sai don masu su sun bar kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani. Ke nan ba ɗan Hajiya kaɗai ne abin tsoro ba. In dole sai da ita saboda fitarki ƙunshi, ki yi mata sabuwar rajista da lambarki da sabuwar kalma, ki ɗauke ta daga falo ki juya ta tana kallon ƙofar shigowa, ki riƙa zare ta da zarar kin dawo. Ki kuma tambayi 'yarki kafin ki mayar da ita. Budurwa ce yanzu, in ta ce ba ta so, ki nemi wata dabarar. Ki rubuto min bayan kin duba sunan da ke kan manhajar, ki gaida min Hajiya.